Jar Alama a Kan Muryar Baba

Babban Mutum, 9 ga Satumba, 2024

Zuwa ga ƙanena Yazid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zakiyya da jaririyarku. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Baba da ke kumbura idan ya daɗe a zaune. Gero ya yi kyau bana, har an fara yanka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda kamar zamanin kakanninmu. Iskar watan jiya ta kayar da ƙarfen sabis na garinmu, har yau ba a ɗaga shi ba. Mai son kira sai ya hau babur ya nufi Baure, ko ya fita bayan gari ya kama sabis ɗin Nijar mai lamushe kati. Ya'u direba zai yi lodin shanu zuwa Legas, ya ce ya san unguwarku, shi ne na ba shi.

Tambaya ce Baba ya sa in yi maka, ko da yake ba zai yarda shi ya sa ni ba. Tun da ka zo Babbar Sallah ka zaunar da shi a zaure, ya wuni yana karanta maka Turanci cikin na'urarka, bai sake zama daidai ba. Ka ce masa kamfaninku na haɗa manhajar waya da za ta koya wa Hausawa furta Turanci, kuma muryarsa za ta shiga ciki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana hedimasta, aka sallame shi da agogon bango, ka zo ka ce masa duniya za ta ji shi. Yanzu duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha labarin. Liman har ya haddace. Ya ma daina shan ruwan sanyi, wai kada maƙogwaronsa ya lalace, ko za ku dawo neman ƙari.

To, ina aka kwana? Ta fito ko ba ta fito ba? Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da ikon jan kunnenka ko daga ina, kuma zan ja idan ka bar tsoho yana jira.

Ka gaishe da Zakiyya. Ka ce mata ta koya wa yarinyar nan Hausa, kada ta zo tana kallonmu kamar kai.

Yayarka,
Saudatu


Legas, 24 ga Satumba, 2024

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin shanu, na karanta wa Zakiyya muka yi ta dariya. Muna lafiya, jaririya ta fara haƙori, ba ma samun barci. Ki sa Baba ya riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ke da kike aikin asibiti kin fi ni sani.

Manhajar ta fito tun farkon wata. Ga yadda take: waya za ta karanta wa mutum jimla, ya maimaita, ita kuma ta saurare shi. Idan ya faɗa daidai ta nuna masa koriyar alama, idan ya kuskure ta nuna ja, har da hoton baki da inda ya kamata ya ajiye harshensa. Masu neman aiki da masu shirin fita karatu waje sun fi kowa amfani da ita.

Ki gaya wa Baba muryarsa tana cikin kowane darasi. Cikin duk waɗanda muka ɗauka, babu wadda ta yi mana amfani kamar tasa, domin yana karatu a nutse, kowane harafi yana fita. Mutane da yawa suna koyo da shi.

Amma ba sai kun wahalar da kanku wajen nemanta ba. Tana da nauyi, tana cin data, ga shi ba ku da sabis. Idan na zo Ƙaramar Sallah zan zauna da ke in yi miki bayani sosai. Ga turare da hula na ba Ya'u, na Baba ne.

Ƙaninki,
Yazid


Babban Mutum, 20 ga Oktoba, 2024

Yazid,

Assalamu alaikum. Ina fatan iyalinka suna lafiya. Mu nan da sauƙi.

Na karanta wa Baba takardarka. Ya sa na maimaita wurin da ka ce babu muryar da ta yi muku amfani kamar tasa. Ranar Juma'a ya sa hularka, ya fesa turarenka, ya sa aka soya waina aka raba sadaka. Ni ma, wawiya, har da ƙwalla.

Sai ga Haulatu, abokiyar aikina, ta dawo daga Daura da manhajar a wayarta, ta tura mini a tawa. Muka buɗe darasin farko a ɗakin allura, ina ta rawar jiki. Wata mace ta ce da Hausa, "Saurari yadda ba a faɗa." Sai muryar Baba, a nutse kamar yadda ka ce. Yana rufe baki sai ga ƙatuwar jar alama, da wata ƙara kamar hon ɗin babur. Sannan matar ta ce, "Yanzu saurari daidai," wani Bature ya faɗa, aka ba shi kore. Haulatu ta kashe wayar ta fita ta bar ni, don ta kasa kallona.

Wannan ne amfanin da ya yi muku? Ka zo gidansa, ya yanka maka zakara, ya kira ka ɗana, ka mayar da shi misalin kuskure.

Yanzu abin ya zagaye gari, ana turawa waya zuwa waya. Samarin teburin mai shayi, waɗanda iyayensu a hannunsa suka koyi rubuta sunansu, suna kwaikwayon yadda yake juya harafin p ya koma f, sannan ɗaya ya yi hon da baki. Ran Talata da safe ya bi ta wurin, ya ji kansa yana fitowa daga wayar wani. An ce ya tsaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya wuce.

Da ya shigo gida ya zauna a kan tabarma. Can ya ce, "Ke, duk abin da na karanta suka saka? Ba su cire komai ba?" Na ce ban sani ba, ni ɗaya kawai na ji, kuma ba zan ƙara ba. Ya ce, "To." Kunya ce ta sa shi tambayar, yana so ya san iyakar inda tozarcin ya kai. Washegari ya sauke baƙin allon da yake koya wa yaran unguwa a zaure, ya kife shi a bayan rumbu. Rabon da in ji ya yi Turanci tun ranar.

Ba na son bayaninka na Ƙaramar Sallah. Ka cire muryarsa. Duka. Kada ka bar ko tari ɗaya nasa a wurin mutanen nan. Idan ba ka yi ba, kada ka sake taka zauren nan, kuma da gaske nake.

Saudatu


Legas, 6 ga Nuwamba, 2024

Yaya Saudatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba, in zai amsa. Tun da Ya'u ya miƙo mini takardarki abinci bai yi mini daɗi ba.

Lokacin da na zo ɗaukar muryarsa, abin da aka gaya mana shi ne na'ura ce kawai za ta saurari muryoyin, don ta saba da bakin Bahaushe, ta gane inda yake tuntuɓe. Daga baya masu tsara darasi suka ce mutum ya fi saurin gyara idan ya ji kuskurensa a bakin wani. Suka saurari kowa, suka zaɓi Baba. Ina wurin. Na ce musu dattijo ne, suka ce ai ba a sa sunansa ba, wa zai gane shi? Ni kuma a raina na ce Babban Mutum ina, manhaja ina. Ban yi tunanin za ta iso muku ba.

Abu ɗaya zan ce, ko da za ki ƙara jin haushina. Wata yarinya daga Sandamu ta rubuto mana cewa da manhajar ta ci jarrabawar baki ta aikin jinya, bayan ta sha faɗuwa. Da Baba ta koya. Ban faɗa don in wanke kaina ba.

Zan cire. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin sai an nemo abin da zai maye gurbinsa a duk darussan, kuma shugabana ya riga ya fara yi mini kallon mai kawo matsala. Amma mai murya yana da ikon janye muryarsa, kuma ni ne danginsa a nan. Ki ba ni lokaci. Ba zan sake rubuto miki ba sai na gama.

Ƙaninki,
Yazid


Babban Mutum, 15 ga Disamba, 2024

Ƙanena Yazid,

Assalamu alaikum. Na san 'yan'uwanmu na Daura sun kira ka sun gaya maka. Allah ya yi wa Baba rasuwa. Yana alwalar La'asar jininsa ya hau, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Muka kai shi asibitin Daura, ya yi 'yan kwanaki yana kallonmu ba magana, sannan ya cika. Allah ya jiƙansa. Ni ina nan, ana ta zuwa gaisuwa, ina amsawa.

Ka karanta abin da ke biye kai kaɗai, kada ka karanta wa Zakiyya.

Bayan sadakar bakwai gidan ya yi shiru. Na rasa inda zan ji shi. Baba ba mutumin waya ba ne, bai taɓa tura wa kowa saƙon murya ba. Sai na tuna abin nan yana wayata, ban goge ba. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na fara bin darussan ɗaya bayan ɗaya. Ina jin sa, hon ya biyo, in danna gaba kafin Baturen ya buɗe baki.

A darasin gaisuwa na ji ya ce, da Turanci, "Barka da safiya, Saudatu. Shigo ki zauna."

Kai a Legas ka tashi, wataƙila ba ka san abin da wannan yake nufi ba. Ni ce 'yar farinsa. A nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Na haura shekara arba'in ina "ke", ina "waccan", ina "yarinyar nan". Ranar da aka kai ni makaranta, Baba ya sa malamin aji ya rubuta sunana da kansa don kada ya faɗa. Ranar aurena ma bai faɗa ba. Ban taɓa jin haushi ba, haka kowa ya tashi. Ban san ina jira ba sai da na ji.

Ya ja ƙarshen sunan, kamar mai kiran wanda ke can ƙuryar gida. Sannan jar alama ta fito.

Yanzu na gane tambayar da ya yi mini a kan tabarma. Ba iyakar tozarci yake nema ba. So yake ya ji ko wannan ta shiga, ko zan ji ta. Ni kuma na ce masa ba zan ƙara saurara ba, ya ce to.

Kada ka cire, Yazid. Na janye maganata duka. Su yi ta hon ɗinsu. In kuma dole sai an cire, ka ware mini wannan jimlar ka ajiye. Na so in aika a kira ka daga Baure, amma me zan ce wa ɗan aiken? Ba maganar da zan iya sa wa a bakin wani ba ce. Ya'u zai tashi jibi.

Yayarka,
Saudatu


Legas, 17 ga Disamba, 2024

Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah ya gafarta wa Baba, ya sa ya huta, ya ba ki dangana. An hana ni hutu saboda aikin ƙarshen shekara, shi ya sa ba ki gan ni ba. Na ba wani mai kai goro Daura wannan takarda, don ban ga Ya'u ba.

Tun da na ji rasuwar nake tunanin ko ya tafi da ɓacin raina. Ba ni da abin da zan yi masa sai cika miki alkawari, kuma na cika. Shekaranjiya aka saki sabuwar manhaja. Babu Baba a ciki. An sa muryar na'ura ta riƙa yin kuskuren, ba ta da 'ya'ya balle a yi musu dariya. Duk wayar da ta hau sabis aka sabunta ta, tsohuwar za ta tafi.

Kin ce kada in bar ko tari ɗaya. Sun so su ajiye asalin abin da muka ɗauka a rumbunsu, wai ko za a buƙata, na ƙi. Na tsaya a kan injiniyan har ya goge a gabana. Wanda ke kwamfutata ma na goge, da na cikin na'urar da na zo da ita. Babu inda ya rage, na tabbatar.

An mayar da ni wani sashe saboda rigimar, amma ban damu ba. Ina fatan wannan zai ɗan sanyaya miki rai, kuma za ki bar ni in shigo zauren idan na zo ta'aziyya.

Ƙaninki,
Yazid


Legas, 8 ga Janairu, 2025

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Yau Ya'u ya kawo mini takardarki ta watan jiya. Motarsa ce ta lalace a hanya, aka juye shanun a wata, shi ya zauna gadin mota da takardar a aljihu. Na karanta a tsaye a bakin titi, na kasa komawa ofis.

Na je wurin injiniyan, mun duba ko'ina. Babu. Da hannuna na tabbatar babu.

Saura wayarki. Ki saurare ni da kyau: tsohuwar manhajar tana nan a ciki muddin ba a sabunta ta ba. Kada ki buɗe data. Kada ki ba kowa wayar. Ki ari wata, ki kunna darasin, ki ɗauki muryar da ita, yau ɗin nan da kika karanta. Na kira 'yan Daura su aiko miki da wannan saƙon, ban sani ba ko ya iso.

Ni na rubuta jimlolin darasin gaisuwa. Na sa sunayen 'yan gida ne don Baba ya saki jiki, ban san komai game da kunyar ɗan fari ba. Na tuna da muka iso wurin ya cire tabarau ya goge, ya nemi ruwa. Na ɗauka Turancin ne ya yi masa wuya. Ya karanta, ya ce bai fita ba, a sake. Ya sake, ya ce a ƙara. Sau uku ya faɗa. Ni ban ji bambanci ba, na zaɓi ta ƙarshe. Duk wunin nan, ita kaɗai ya nemi a maimaita.

Ki rubuto mini da zarar kin ɗauka.

Yazid


Babban Mutum, 2 ga Fabrairu, 2025

Ƙanena Yazid,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na koma aiki. Ina fatan jaririya ta gama haƙoran. Takardunka biyu sun iso, ta ta'aziyya da ta bayanta. Saƙon 'yan Daura ma ya iso, cewa wai in kula da wayata, ban gane me ake nufi ba.

An ɗaga ƙarfen sabis farkon Janairu. Gari ya ɗauka, kowa na kiran kowa. Ranar wayata tana shagon Hussaini mai caji, inda take kwana tun da aka ɗauke mana wuta. Da na je karɓa yana ta murmushi. Ya ce, "Anti, na ga komai na wayarki ya tsufa, na sabunta miki da datata. Kyauta, saboda Hedimasta." Ya ƙi karɓar ko kuɗin caji. Na yi masa godiya, don me zan ce masa?

Na yi tunanin aron wayar Haulatu tun kafin ka faɗa. Sai na riƙa tunanin yadda za ta ji abin idan na mayar mata, na ce bari in sayi ƙaramar waya ƙarshen wata. Na bi gidajen samarin mai shayi, ni da kaina, ina tambayar ko akwai mai tsohuwar. Wasu sun goge da suka ji rasuwar, don kunya. Sauran duk sun sabunta, har Haulatu.

Jimlar tana nan a darasin, da sunana. Na'ura ce ke faɗa, sannan Baturen. Sai na riƙa rufe ƙofa bayan na dawo aiki, idan aka ce in maimaita, in faɗa yadda Baba ya faɗa, da jan ƙarshen da komai. Ta ba ni ja, ta yi hon. Hon ɗin nan da na tsana shi ne ya zama shaidata cewa har yanzu ina riƙe da shi. Amma ba a barin mutum ya maimaita sai ya fara sauraron Baturen, kullum, kafin ya buɗe baki. Jiya ta ba ni kore. Na sake, ta sake ba ni kore. Manhajarku tana aiki, Yazid, ka gaya wa shugabanka.

Ba na jin haushinka. Abin da na ce ka yi, shi ka yi, kuma ka yi shi da kyau. Zaure a buɗe yake.

Kira yana shiga yanzu, amma kada ka kira ni a kan wannan, kuma kada ka kwaikwaya mini da bakinka. Ka ce sau uku ya faɗa. Ni ɗaya na ji, ita ma ta tafi. Kai kaɗai ka rage da ka ji su duka. Ka zauna ka rubuto mini: ina yake kallo, hannunsa yana ina, wace ce ya ɗaga murya, wace ce ya sassauta, ko ya waiwayi ƙofar cikin gida, don ina tsakar gida ranar ina tankaɗe. Ka rubuta yadda ya faɗa, da duk kuskurensa. Kada ka gyara komai.

Yayarka,
Saudatu